Birnin da Za Ta Fara Gani

Bari in ba ka misali, kai da kake juya shawara har ta huce a hannunka. An yi wata mata mai ɗinkin hula, mijinta falken fatu ne, Allah ya buɗa masa, kuma yana sonta so na gaskiya, wannan kam ba za a ɗauke masa ba. Idonta na hagu ƙyanda ta tafi da shi tun tana ƙarama, da na dama kaɗai take zura allura, da shi take karatun Alƙur'aninta. Wata safiya ta ɗaga zare sai ta ga wani baƙin abu kamar labule ya leƙo ta gefen idon. Likita ya duba, ya ce abin da ke kama gani can ciki ne ya fara ɓallewa, aikin ya fi ƙarfin kayan da ke hannunsa, a fita da ita waje, kuma kada a haura wata guda. Shi da kansa ya rubuta wa asibitocin Turai, uku suka amsa: ɗaya a Landan, ɗaya a Faris, ɗaya a Santambul. Abin da ya rage kawai maigida ya ɗora yatsa a kan ɗaya, a nemi biza.

To, a nan Alhajin ya tsaya. Ya ce idon da za a buɗe sabo ai kamar jariri ne, bai kamata ya sauka a kan kowane irin gari ba, sai wanda ya fi kowanne kyau. Ya ɗauki maganar ya kai majalisa, inda suke zama bayan la'asar. Wanda ya yi karatu a Landan ya ce babu kamar can, a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ma sai ka ji ana Hausa, ga tsire kamar a gida. Wani ya ce Landan yayyafi ne da hazo, rana sai an yi cigiyarta, ina laifin Faris, ga hasumiyar ƙarfe har cikin gajimare, ga tituna a miƙe kamar an ja su da igiya, ga turare. Aka ce masa mutanen Faris in ba ka jin yarensu ko kallonka ba sa yi. Mai fataucin atamfa ya ce Santambul dai, teku ya ratsa ta tsakiya, masallaci na kallon masallaci, ba ka tambayar wa ya yanka naman da ke gabanka. Aka yi masa dariya, wai rabin garin ma ba Turai ba ne. Wani da bai taɓa wuce Abuja ba ya jefo Balin ta Jamus da Madrid, waɗanda ko takarda ba su aiko ba, aka ci kwana uku a kansu.

Ita kuwa kullum da hantsi sai ta tsaya a bakin ɗakinta ta dubi tsakar gida, tana auna inda labulen ya kai. Makon farko ya cinye randa. Na biyu ya cinye turmi da rabin igiyar shanya. Ta ajiye allura, don ta daina samun kafarta. In ta buɗe Alƙur'ani farkon layi ya ɓace, sai ta cike shi da abin da ke kanta. Alhaji ya shigo da waya a hannu, ya nuna mata gadar wannan gari da fitilun wancan, ta ce masha Allah, alhali rabin hoton take gani. Mace ce mai nauyin baki, ba ta saba ta maimaita wa miji magana ba. Rana ta goma sha takwas dai ta cije ta ce, “Alhaji, ko wanne ne, mu tafi.” Ya ce, “Haba Hajiya, abin da za ki fara gani ne fa. Bar ni in zaɓo miki na gani na faɗa.” Ta koma kan dardumarta.

Sai rana ta ashirin da shida ya tsayar da Santambul. Biza ta ci nata kwanakin, jirgi ya ci nasa. Da suka isa, likitan can ya haska idon ya daɗe yana dubawa, ya sa tafinta ya tambaye ta yaushe abin ya fara. Ta ce yau kwana arba'in da uku. Ya kashe fitilarsa ya ajiye. An yi aikin, an yi iyakar yi. Ranar da aka kwance mata ido tana iya raba haske da duhu, daga nan ba ƙari. Alhaji na tsaye a bakin taga, ga teku ga hasumiyoyi shimfiɗe a gabansa. Can aka kira azahar, masallaci na karɓa daga masallaci. Ta miƙo hannu tana lalube a iska, ta ce, “Alhaji, kama ni ka nuna mini gabas.”

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.