Malfar Maccido

Da la'asar Maccido ya tsaya a ƙofar gidan su Juwairiyya, bayan kasuwar Sakkwato, ya kasa ɗaga ido. Washegari ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro zai tashi, mahaifinsa kuwa ya ce da shi za a tafi.

"Za ki jira ni?" ya tambaya.

Ta dubi malfar kaba da take saƙa masa don ranar aurensu. Bakin kaɗai ya rage. Ta daɗe tana juya ta, sannan ta miƙa masa.

"Ai ba ki gama ba."

"Na sani. In ba a rufe mata baki ba, damina biyu za ta warware. Ka komo kahin nan, in ƙarasa ta."