Dokokin Shiga Abuja

Tumatirin Rilwanu ya fara sunkuyar da kai. Ruwan kogi ya ja baya ya bar fadamarsa ta bayan Hadejia a tsattsage, mai injin ban-ruwan da yake aro kuma ya karɓe abinsa. Ana cikin haka sai Ahmed, yayan matarsa Asabe, da ke aiki a Abuja, ya bugo waya: ya saya masa sabon inji, ya zo ranar Talata ya ɗauka. Su haɗu a ƙofar babban masallaci bayan La'asar.

Inji kam ana so. Abin da ya hana Rilwanu sukuni shi ne kada ya shiga babban birni a ce masa baƙauye. Don haka ya nufi rumfar Tasi'u mai faci, wanda duk unguwa an sallama masa a sanin Abuja. Ba a taɓa tayar da zancen garin ba bai gyara wa mai magana zancensa ba.

Tasi'u ya ture tayar da yake faci, ya gyara zama.

"Waya, bar ta a gida, masu ƙwace suna jin ƙanshinta. Mota na tsayawa ka riga kowa fita, ka miƙe kamar gidan ubanka ne a gaba. In an kira ka, kada ka waiga. Kada ka ɗaga kai kallon bene ko allon hanya. Tambaya kuwa, kul! Matambayi ba ya ɓata, wannan a Hadejia ne. A can, mai tambaya shi ake yi wa tsirara."

Rilwanu ya haddace dokokin nan tsaf, fiye da yadda ya taɓa haddace karatun allonsa.

Ranar Talata da asuba ya bar waya a gida, ya shiga motar Haruna direba, sanye da shuɗiyar shaddarsa ta Sallah. Tun kafin Kano barci ya kwashe shi. Hayaniya ce ta tashe shi: mota ta tsaya a wata ƙatuwar tasha, Haruna yana cewa kowa ya sauka. Rilwanu ya suri jakarsa, ya tsallake wata tsohuwa, ya fice. Yana jin ana ƙwalawa, "Malam! Mai shuɗiyar riga!" Ya yi murmushi a ransa. Wato tun daga tasha suke farawa! Ya ƙara sauri.

Ya tsayar da mai adaidaita, ya haɗe rai, ya ce, "Babban masallaci." Ko tayi bai yi ba, don taya kuɗin mota ma ai ƙauyanci ne.

A hanya ya kafa ido a kan takalmansa. Ta wutsiyar ido dai ya ga gadar sama, ya ga 'yan acaɓa kamar fari, ya ji Hausa ta ko'ina. Ko Azahar ba a kira ba ya isa. Ashe duk nisan da direbobi ke kururutawa don su tsawwala kuɗi ne.

Ya yi Azahar, ya yi La'asar, ya kafe a bakin ƙofa kamar turke. Jama'a suka watse. Wani dattijo mai sayar da carbi ya matso ya ce, "Ɗana, wa kake jira ne?" Rilwanu ya watsa masa harara, ya rungume jaka. Aka kira Magariba, babu Ahmed babu dalilinsa. Takaici ya cika shi har wuya. Ya koma tashar da ya fito, ya ji ana kiran Kano, ya faɗa.

Washegari ya shiga gida hannu rabbana. Asabe ta tare shi da idanu jawur.

"Malam, ina ka shige? Yaya Ahmed ya yi ta kira. Ya ce tun La'asar yake ƙofar masallaci da inji a bayan mota, har Isha'i."

"Ƙarya yake! Wallahi ƙafata ba ta bar ƙofar nan ba. Kunya ya ji a gan shi da manomi!"

Magana ta yi tsami. Rilwanu ya ɗauki waya ya wanke surukinsa tas, ya ce ya riƙe tsiyarsa, talauci ba hauka ba ne. Ahmed ya ce shi ke nan, akwai wani ɗan'uwa a Kafin Hausa da ke neman inji. Asabe ta ɗauki mayafinta ta tafi gidansu tana kuka. Tumatiri kuwa bai jira a sasanta ba, ya ƙone ƙurmus.

Abin da ya rage wa Rilwanu ɗaya ne: ya je Abuja. Kullum da yamma yana rumfar faci yana ba da labari. Ya yi zancen gadar sama, Tasi'u ya ce ƙwarai. Ya yi zancen 'yan acaɓa, Tasi'u ya ce ai ba a magana. Ya kwatanta masallaci da mai carbin bakin ƙofa, Tasi'u ya buga cinya ya ce, "Tsohon nan yana nan har yanzu? Gawurtaccen ɗan damfara ne!" Har an fara turo wa Rilwanu masu shirin tafiya ya ɗora su a hanya.

Yana cikin koya wa wani saurayi yadda ake ƙin waigawa sai ga Haruna direba ya gangaro da taya. Ya tsaya cak, ya riƙe baki.

"Kai, bawan Allah, ashe kana raye! Mota ta lalace, na ce a sauka a canza wata, ka fice kamar an koro ka, ina ta ƙwala maka kira. Wai don Allah me ka shiga yi cikin Kaduna?"