Dusar La'asar

Lurwanu, gyara zama. Ka ce mini 'ya'yanka ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba, don haka ba ka ga dalilin rufe shago da wuri ka je ka zauna da su ba. Na ji. Ni ba zan yi musu da kai ba, bakina ya gaji da musu tun a kan ubanka. Misali kawai zan ba ka.

A da can, lokacin da bayan garinmu kududdufi ne, ba waɗannan gidajen bulo ba, akwai wata tsohuwa mai kiwon agwagi. Kai ba ka riski wurin ba. Da damina ruwa kan cika shi har gindin giginya, kainuwa ta rufe rabinsa, mata na wanki a gefe suna hira. Har yau in na ji ƙamshin laka bayan an ɗauke ruwa, can zuciyata ke tafiya, kewa ta kama ni. Tsohuwar nan daga uwarta ta gaji irin agwagin, kuma tana ji da su. Takan share akurkinsu ta barbaɗa toka, ta jiƙa musu sassaƙen maɗaci a kasko, in ta ga rami a jikin katanga ta toshe tun tunku bai gano shi ba. Amma abin da aka fi saninta da shi daban ne. Kullum bayan la'asar sai ta dama 'yar dusa a ƙwarya, ta tsaya a ƙofar gida ta ƙwanƙwasa da ludayi. Da jin ƙarar, sai ka ga agwagi sun baro ruwa a jere, suna rangaji kamar matan da suka dawo daga biki. Dusar kuwa ko toro ɗaya ba za ta ƙosar ba. Maƙwabta har tsiya suke yi mata, wai agwagin da suka wuni suna cin tana da 'yan kifi, me cikin cokali na dusa zai ƙara musu? Ita dai kullum sai ta ƙwanƙwasa ƙwaryarta.

Da Allah ya yi mata rasuwa, agwagin suka dawo hannun ɗanta, maɗinki. Kada ka ɗauka mutumin banza ne. Yana son su ƙwarai, don su ne abin da ya rage masa na uwarsa mai motsi. Shara bai fasa ba, toka bai fasa ba, har ƙofar langa-langa ya sa wa akurkin. Sai dai la'asar lokacin zuwan masu karɓar ɗinki ne, ga shi kuma ya lura agwagin kan dawo da kansu dab da magariba, maƙoƙo cike. Sai ya rataye ƙwaryar a bayan ƙofa. Ka san me ya faru? Babu komai. To, nan ne ɓarnar take, don da wani abu ya faru a makon farko da ya farga. Aka yi shekara uku lafiya lau. Tsofaffin agwagin suka yi ta raguwa, wasu tsufa, wasu an yanka wa baƙi, aka ƙyanƙyashe sababbi waɗanda kunnensu bai taɓa jin ƙarar ludayi ba.

Ran nan da hantsi wani mai lambu ya wanke famfon feshinsa a bakin kududdufin, ya tuttular da sauran maganin ƙwari a ruwa. Ba mugunta ba ce, rashin tunani ne. Kafin azahar ƙananan kifaye suka taso ciki sama, iska tana tura su wajen kainuwar da agwagi ke kiwo. Mata masu wanki suka aika wa maɗinki, ya taho da gudu ko takalmi babu. Ya yi kira, ba su san muryarsa ba. Ya yi jifa da hoge, suka ƙara nausawa tsakiya. Ya shiga ruwa har ƙirji, ga shi bai iya iyo ba. Sai a sannan ya tuna da ƙwaryar. Ya koma gida ya sauko da ita duk yanar gizo, ya dawo bakin ruwa ya yi ta bugu har ludayin ya karye. Cikin agwagi arba'in da 'yan kai, guda ɗaya ce ta ɗaga wuya, wata tsohuwa da gashinta ya fara zubewa. Ta juyo a hankali, ta fito ta tsaya a gabansa, ta leƙa cikin ƙwaryar. Sauran ko waiwaye ba su yi ba, suna ta haɗiyar kifi. Kafin magariba a kwando aka kwaso masa su a mace, ya haƙa rami a bayan gida. Waɗanda suka ga fuskarsa sun ce ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'izar uwarsa, domin a ranar ya gane dusar nan ba don ciki ake ba da ita ba, don kunne ya saba da kiran gida ne.

Kai ma naka suna dawowa da kansu yanzu, cikinsu a cike, shi ya sa hankalinka ke kwance. Amma akwai ranar da za ka hango abin da su ba su hango ba, ka buɗe baki ka kira. Tashi ka tafi gida tun rana ba ta faɗi ba, Lurwanu. Hausawa sun ce, ba a fafe gora ranar tafiya.