Ƙofa 'Yar Beljiyam

Tun hantsi Kalilu direba yake zagaye rumfunan gwanjo a Daura, neman ƙofar bas. Wannan ta yi tsawo, waccan ba ta kulluwa. Tun da aka sace motarsa bara, wata akwala irinta yake lallaɓawa, ga ƙofarta ta ruɓe.

Da la'asar Saminu mai rumfa ya jawo wata.

"Malam Kalilu, 'yar Beljiyam ce, jiya aka sauke ta."

Ta zauna daram. Bakanike ya buɗe cikinta zai gyara gilashi, sai laya ta faɗo, naɗe da jan zare.

Kalilu ya ɗauki layar ya duba.

"Innata ce ta sa min wannan a waccan motar, maganin ɓarayi. Saminu, yaushe Inna ta je Beljiyam?"