Kududdufin Sharaɗa

"Ko kwabo ba zan bayar ba, ai muna biyan haraji," in ji Alhaji mai masaƙa a unguwar Sharaɗa. Sauran masu masana'antu na Bompai da Chalawa suka gyaɗa kai.

Jami'in tsara gari ne ya tara su. Wata shida ke nan yana faɗi-tashin neman kuɗin sabunta taswirar birni, wadda za ta nuna inda tituna da magudanan ruwa za su bi nan da shekara ashirin. Gwamnati ta ba da rabi, ta ce ya nemo ciko.

Ya shimfiɗa tsohuwar taswirar a kan tebur, duk ta koɗe.

"Ranku ya daɗe, ku nuna mini masaƙarku a nan."

Alhaji ya gyara tabarau, ya bi Sharaɗa da yatsa. Babu masaƙa, sai wani shuɗin ɗigo.

"Kududdufi ne," in ji jami'in. "A takarda dai, kwaɗi ne ke saƙa muku yadi."

Aka kwashe da dariya. Alhaji kuwa bai ko murmusa ba. Yatsansa na kan ɗigon.

"Nan na koyi iyo," ya ce a hankali. "Ga ma 'yar hanyar da innata take biyo ni da tsumagiya."

Ya ɗago, fuskar nan ta washe.

"Je ka zana sabuwa, ni zan cike." Ya naɗe taswirar, ya cusa cikin babbar rigarsa. "Wannan kuwa ta zama tawa."