Madubin Da Baba Bai Leƙa Ba

Zaman Landan bai yi mana daɗi ba, gaskiya. Da kuɗin fetur ya samu, Alhaji, maigidan Baba, ya sayi gida a unguwar Marylebone, ya kawo Baba ya riƙa yi masa girki. Shekarata tara.

A garinmu Baba ne ke fara ganin jinjirin wata. A Landan gajimare ya hana shi. Ana gobe azumi, wani ɗalibi ya ba shi labarin gidan tarihi inda aka ajiye madubin hangen nesa na wani Bature masanin taurari da ya daɗe da mutuwa. Baba ya sa babbar riga, ya ja ni da la'asar, tunda ni ke zuwa makaranta ina koyon Turanci.

Madubin dogo ne, na katako da tagulla, an kewaye shi da jar igiya. Baba ya cire takalmi ya tsallaka. Mai gadi ya daka tsawa, kowa ya juyo.

"Ɗanladi, gaya masa ni ma aikina ke nan. Leƙawa ɗaya zan yi."

Na buɗe baki, Turancin ya gudu. "Sorry" kawai nake ta cewa har aka raka mu ƙofa, Baba riƙe da takalmansa. A bas ya ce, "Da mai madubin na raye, da ya bar ni."

Yau tasi nake ja, ina wuni ina Turanci da fasinjoji, amma Baba ba ya nan.

A wancan daren, daga Kano aka bugo waya an ga wata. Da asuba na riga shi tashi, na dafa masa shayin sahur, na ɗauki azumina na farko.