Littafin Tsohuwar Na'urar Hajiya Tabawa

Tun da sababbin na'urorin bidiyo suka fara gyara fuskokin mutane da kansu, ba a ƙara ganin hawaye a bikin kowa ba. Hajiya Tabawa kuwa so take bikin jikarta ya fito yadda yake. Ta kai wa Baba Ilu mai gyara tsohuwar na'urar ɗaukar bidiyo ta marigayi mijinta.

"Maɓallai birjik, ban san na taɓawa ba. Kana da littafinta?"

Ya tono shi daga ƙarƙashin buhun wayoyi, ɓera ya cinye bangon. Yana karantawa tana dannawa, sai ga fuskarta a allo.

Ta ƙura ido, ta tuntsire da dariya.

"Ilu, ashe haka na tsufa, ba wanda ya faɗa mini?"